Buhun PICS: binciken jami'ar Purdue da ya sauya ajiyar wake a Nijar

Buhun PICS buhu ne mai ninki uku da ake ajiye wake da sauran amfanin gona a cikinsa wata da watanni ba tare da an zuba maganin ƙwari ba. Masu bincike na jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana a ƙasar Amurka ne suka ƙirƙiro shi, tare da takwarorinsu na Afirka, cikinsu har da ma'aikatan cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi. Sunan PICS haruffan farko ne na wata jimlar Ingilishi mai nufin ingantacciyar ajiyar wake ta Purdue. Daga baya, da aka gano buhun yana yi wa wasu kayan gona amfani, sai aka mayar da ma'anar zuwa ingantacciyar ajiyar amfanin gona, haruffan kuwa ba su canza ba.

Cikin ayyukan da jami'ar ta yi da sunan noma mai ɗorewa, wannan buhu ne ya fi kusa da rayuwar mutanen kudancin Nijar. Ɗorewarsa ta fuska biyu ce. Ta farko, yana kare cimaka daga ƙwari ba tare da guba ta shiga cikin tukunya ba. Ta biyu, ya bar hannun jami'a da masu ba da tallafi ya koma hajar kasuwa, kamfani na saƙawa, ɗan kasuwa na sarowa, manomi na saye da kuɗinsa.

Wace irin jami'a ce Purdue

Purdue na cikin jami'o'in Amurka da aka gina domin noma da sana'o'in hannu. Ran 2 ga watan Yuli na 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan wata doka da ta ba kowace jiha filayen gwamnatin tarayya domin ta sayar ta kafa makarantar koyon noma da ƙere-ƙere. Yawancin filayen an ƙwace su ne daga hannun ƴan asalin ƙasar, abin da jami'o'in da dama suka fito suka amsa a ƴan shekarun nan. Jihar Indiyana ta kafa tata a 1869 a garin West Lafayette, ta sa mata sunan wani attajiri, John Purdue, wanda ya ba da dala 150.000 domin aikin. An fara karatu a 1874.

Wasu dokoki biyu suka cika tsarin. Ta 1887 ta samar da kuɗin buɗe gonakin gwaji a ƙarƙashin waɗannan jami'o'i, ta 1914 kuma ta kafa aikin malaman gona, wato masu ɗaukar sakamakon bincike su kai shi ga manomi. Ke nan jami'ar na tsaye ne kamar murhu mai duwatsu uku: koyarwa, bincike, da yaɗa dabarun noma. A yau malaman gona na Purdue suna aiki a dukkan gundumomi 92 na Indiyana, jami'ar kuma na da cibiyoyin gwaji 8 a sassan jihar. Bambancin da tsarin Nijar shi ne a nan binciken noma na hannun INRAN, malaman gona na ƙarƙashin ma'aikatar noma, koyarwa kuma na hannun jami'o'i, alhali a can duka ukun gida ɗaya ne.

Aikin ɗorewa a gida

Indiyana jihar masara ce da waken suya, kuma babbar damuwarta ita ce zaizayar ƙasa da kwararar takin zamani cikin ruwa. Manoma a can suna binne bututu a ƙarƙashin gona domin tsane ruwan da ke kwanciya, to amma ruwan na tafiya da sinadarin nitirat na taki zuwa koguna, daga nan zuwa kogin Misisipi har tekun Meziko, inda yake haddasa wani yanki da kifi ba ya iya rayuwa a cikinsa a lokacin zafi.

Tun 1975 Purdue ke da filayen gwaji inda ake kwatanta gonar da ake kaftawa kowace shekara da wadda ake shukawa ba tare da an juya ƙasa ba. A kudu maso gabashin jihar kuma, masaniyar ƙasa Eileen Kladivko ta shafe sama da shekara 30 tana auna ruwan da ke fita daga bututun gona, inda ta nuna cewa rage yawan taki da shuka ciyawar rufe ƙasa bayan girbi suna rage nitirat ɗin da ke zurarewa ƙwarai. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manomin Maraɗi ko Damagaram da ke barin kara kwance a gona bayan kaka domin iskar hunturu kada ta kwashe ƙasar sama. Irin wannan haƙuri na gwaji shekara da shekaru, da kai sakamako har bakin gona, shi ne jami'ar ta fito da shi zuwa Afirka.

Tsohuwar hulɗa da Nijar

An kafa INRAN a 1975, bayan babban farin shekarun 1970. A shekarun 1980 Purdue ta jagoranci shirye-shiryen binciken hatsi da dawa tare da cibiyar, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID. Ma'aikatan jami'ar sun zauna a Nijar, ƴan Nijar da dama kuma sun je can sun yi karatu mai zurfi. Cikin waɗanda suka zauna har da masanin tattalin arzikin noma Jess Lowenberg-DeBoer, wanda daga baya ya shugabanci shirin PICS na farko.

Ta fannin dawa ne hulɗar ta fara yin suna. Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, ya samu digirin dakta a Purdue a 1978, ya fitar da irin dawa na aure na farko a Sudan a 1983, sannan ya koma jami'ar ya duƙufa kan ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar dawa da hatsi. Aikinsa ya kai ga irin dawa mai jure ƙuduji, ya kuma sa aka ba shi kyautar abinci ta duniya a 2009. A Nijar, haɗin gwiwar ya haifar da irin dawa na aure mai suna NAD-1, wanda Issoufou Kapran na INRAN ya yi wa aiki sosai. Sai dai irin aure ba a ajiye shi a sake shukawa, dole a sayi sabo kowace damana, don haka yaɗuwarsa ta rataya ne a kan samun masu noman iri da masu sayarwa. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa dabara komai kyanta, in ba ta da hanyar isa ƙauye ta hannun ƴan kasuwa, tana iya tsayawa a gonar gwaji.

Wake, ƙwaro da guba

Nijar ce ƙasa ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma a shekarun baya-bayan nan abin da take girbewa kan haura tan miliyan 2. Wake abinci ne, daga ɗan wake da ƙosai zuwa shinkafa da wake da beruwar Arewa, harawarsa kuma abincin bisashe ce. Sannan shi ne kuɗin manomi: hatsi a rumbu domin ci, wake a kasuwa domin biyan bashi, sutura da hidimar biki. Mai yawa daga cikinsa na tsallaka iyaka zuwa kasuwar Dawanau ta Kano da ƙasashen bakin teku.

Abokin gabar wake ƙaramin ƙwaro ne da masana ke kira Callosobruchus maculatus. A yankin Sahel akwai ɗan uwansa, Bruchidius atrolineatus, da ke kama wake tun yana cikin kwanso. Ɓarnar daga gona take farawa. Macen na manna ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shiga ciki, ta ci ta girma, sannan ta fito ta bar rami. A lokacin zafi, mako uku zuwa huɗu sun isa ƙwai ya zama ƙwaron da zai yi nasa ƙwan, kuma mace ɗaya na iya yin ƙwai gommai. Shi ya sa buhun da aka ɗaure da kaka yana da kyau, kafin bazara sai a tarar da shi duk huji da gari da wari. Masu saye kuwa suna rage kuɗi tun daga hujin farko da suka gani.

Wannan ya bar manomi da zaɓi biyu, kowane da ciwonsa. Ko dai ya sayar da kaka, lokacin da kowa ke kawowa kuma tiya ta faɗi warwas, ko kuma ya zuba magani. Maganin da aka fi sani shi ne ƙwayar fostoksin, wadda wasu ke kira bom. Tana fitar da iska mai kisa, an kuma yi ta ne domin ƙwararru su yi amfani da ita a rufaffen sito, ba a ɗakin da mutane ke kwana ba. Akwai kuma ruwan fiya-fiya mai sinadarin dikulorbos, da garin maganin da aka yi domin iri ko auduga, waɗanda ake yayyafawa kai tsaye a kan abin da za a ci. Illar ba ta tsaya ga lafiya ba: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikulorbos da aka samu a cikinsa.

Daga Marwa zuwa buhu mai ninki uku

Binciken ya fara ne a 1987 a arewacin Kamaru, a yankin Marwa, inda masanin ƙwari Larry Murdock na Purdue ya haɗa hannu da Laurie Kitch da Georges Ntoukam na cibiyar binciken noma ta Kamaru. Sun fara da duba abin da manoma, musamman mata, suke yi da kansu, sannan suka gwada shi a ɗakin bincike domin sanin abin da ke aiki da dalilinsa.

Dabaru kaɗan suka fito daga wannan aiki. Akwai ta toka, inda ake cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka mudu da mudu a cikin tulu. Akwai ta rana, inda ake shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza wake, a rufe da farar leda, zafin da ke taruwa ya kashe ƙwai da tsutsa cikin kamar awa biyu. Akwai kuma ta toshe iska, a cikin tano ko bido ko leda. Toka ta dace da ɗan abin da za a ajiye domin iri, amma ba ta ɗaukar buhu goma. Tano na da tsada da wuyar ɗauka. Leda ce mai arha, to amma wadda ke kasuwa siririya ce, ƙwaro na huda ta. Daga nan tunanin ninka ledoji ya samo asali.

Shekara ashirin dabarar na nan a rubuce, manoma kaɗan ne ke amfani da ita, saboda babu buhun da aka yi musamman dominta. A 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba Purdue dala miliyan 11,4 domin shiri na shekara biyar a ƙasashe goma: Nijar, Najeriya, Burkina Faso, Mali, Senegal, Gana, Togo, Benin, Kamaru da Cadi. Da Nijar da Burkina Faso aka fara. A Nijar, Ibrahim Baoua da Laouali Amadou na cibiyar INRAN ta Tarna, a Maraɗi, su suka gudanar da gwaje-gwaje da yawa da suka tabbatar da ingancin buhun a yanayin Sahel. Baoua ya ci gaba da aikin a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.

Yadda buhun ke aiki

Buhun kashi uku ne: ledoji biyu masu kauri a ciki, kowace kaurinta maikuron 80, wato kashi 8 cikin 100 na milimita, sai saƙaƙƙen buhu na roba a waje wanda ke ɗaukar nauyi da wahalar dako. Ana yin na kilo 50 da na kilo 100. Babu wani magani a jikinsa.

Iskar da mutum ke shaƙa na ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari. In aka cika buhun aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su da kansu ke shanye ɗan oksijin da ya rage tsakanin ƙwayoyin wake, suna fitar da iskar kabon. Ledojin ba sa barin sabuwar iska ta shigo sai ƙalilan. Cikin kwanaki oksijin ya yi ƙasa sosai, ƙwarin su daina ci, su daina girma, su daina yin ƙwai. Binciken Murdock da abokan aikinsa ya nuna wani abu da ba a zata ba: ƙishirwa ce ke ƙarasa su. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da ruwan sha, jikinta ne ke samar da ruwa in ta narkar da abinci da oksijin. Da oksijin ya ƙare, ruwan ya yanke, sai ta bushe ta mutu.

Amfanin leda ta biyu shi ne in ƙwaro ko tsinke ya huda ta farko, akwai sauran kariya. Gwaji ya kuma nuna cewa busasshen irin da aka ajiye haka yana tsirowa lafiya in damana ta zo. Abin da buhun ba ya yi shi ne gyara abin da ya riga ya lalace: waken da ya shiga da huji, da hujinsa zai fito.

Gani ya kori ji

Sashen yaɗa dabarar, wanda Dieudonné Baributsa ya jagoranta, bai dogara da jawabi ba. Malamin gona kan je ƙauye da kaka, ya tara jama'a a gaban maigari, ya nuna yadda ake cikawa da ɗaurewa. Mutane kamar biyar, maza da mata, su kawo wakensu na kansu a zuba a gaban kowa. Bayan wata huɗu zuwa shida sai a sake taruwa a yi bukin buɗe buhu. A nan kowa ke sa hannu ya damƙi waken, ya sansana, ya kwatanta da wanda aka bari a buhun gargajiya. A shirin farko an yi irin wannan nuni a ƙauyuka kimanin 31.000 cikin ƙasashen goma. A Nijar INRAN da ƙungiyar World Vision da malaman gona na gwamnati ne suka ɗauki nauyin zagayen.

An haɗa da sanarwa a gidajen rediyo cikin harsunan gida, da hotunan bango, da nuni a ranakun kasuwa. An kuma ɗauki gajeren bidiyo da Hausa wanda ke nuna yadda ake murɗa bakin leda a ɗaure, abin da ke da wuyar bayyanawa a rediyo, mutane suka riƙa tura wa juna daga salula zuwa salula ta Bluetooth, tun kafin WhatsApp ya zama ruwan dare.

Shigar da mata cikin shirin ba don ado ba ne. A gidaje da yawa mace na da gamanarta ta wake, ita ke ajiyewa, ita ke sarrafawa ta sayar, ita da ƴaƴanta ne kuma suka fi kusa da ɗakin da ake ajiye buhun da aka sa wa magani.

Daga furoje zuwa kasuwa

Mutanen karkara sun saba da abin da suke kira furoje: a zo da mota, a raba kaya kyauta, bayan shekara uku a tafi, kayan su ƙare. Masu shirin PICS sun zaɓi wata hanya. Ban da buhunan nuni, ba a raba buhu kyauta ba. An nemi kamfanonin roba na yankin su ƙera shi bisa ƙa'idar da jami'ar ta gindaya, na farkonsu shi ne Lela Agro da ke Kano, aka kuma nemi manyan ƴan kasuwa su saro su rarraba wa ƙananan masu sayarwa a kasuwannin mako.

Wannan ɓangare ya fi na kimiyya wuya. Buhun haja ce ta lokaci ɗaya, daga watan Oktoba zuwa Disamba, in ya makara sai baɗi. Ɗan kasuwa na tsoron zuba jarinsa a kayan da in damana ba ta yi kyau ba za su kwana shekara a shago. Binciken da aka yi a Nijar da Burkina Faso ya nuna cewa babban abin da ke hana manoma amfani da buhun shi ne rashin samunsa a kusa, kuma in mai sayarwa ya wuce nisan kilomita 7 daga ƙauye, masu saye na raguwa sosai.

Shirye-shirye biyu da suka biyo baya sun faɗaɗa aikin zuwa wasu kayan gona da wasu ƙasashe. A Maraɗi an gwada buhun da masara, dawa, gujiya, kwaruru da gurguzun da ake daddawar batso da shi, aka ga yana kare su. Daga bisani aka kafa kamfanin PICS Global domin kula da lasisin ƙerawa. A yau ana sayar da buhun a ƙasashe sama da 30 na Afirka, Asiya da kudancin nahiyar Amurka, an kuma sayar da miliyoyinsa. Wasu kamfanoni sun fito da nasu buhunan masu toshe iska, abin da ya ƙara wa manomi zaɓi.

Buhun ya kuma dace da tsarin warantaj, wanda ya fara yaɗuwa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da tallafin hukumar FAO. A wannan tsari ƙungiyar manoma na kulle amfanin gonarta a sito da kaka, ta karɓi bashi a asusun ajiya, ta sayar in farashi ya tashi. Wake na da riba a irin wannan ajiya, amma shi ne ya fi saurin lalacewa, don haka buhun da ke riƙe shi wata shida ba huji ya sauƙaƙa shigar da shi.

Ƙa'idojin amfani

Yawancin ƙorafin da ake yi kan buhun daga kuskuren amfani yake fitowa. Sharaɗi na farko shi ne wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da tsinke. Abin da aka rufe da damshi zai yi fumfuna ya ruɓe. Kafin a zuba, ana hura kowace leda a riƙe bakinta a danna, domin a ga ko tana da huji. Sai a sa leda cikin leda, a sa su cikin saƙaƙƙen buhun, a zuba waken ana girgizawa domin ya zauna, a bar wurin ɗauri a sama.

Ɗaurin shi ne zuciyar aikin. Ana matse iskar da ke saman ledar ciki, a murɗa bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya. Sannan a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure su uku a haɗe kuskure ne. Ana ajiye buhun a inuwa, bisa katako ko itace, nesa da bango, a wuri mai tsabta da ɓera ba ya sakewa. Ba a ɗaukarsa da ƙugiya, ba a soka masa ƙarfen ɗiban samfur kamar yadda ake yi a kasuwa, ba a kuma yawan buɗe shi, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. In za a buɗe, kwance igiyar ake yi, ba yankawa ba. Ba a ƙara masa bom ko wani magani. Buhun da aka kula da shi na iya yin kaka uku.

Inda gizo ke saƙa

Kuɗin buhun ya ninka na buhun gargajiya, kuma ana buƙatarsa ne daidai lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa. Wanda bashi ya sha wa kai zai sayar da kaka ko da yana da wurin ajiya. Ribar jira ma ba tabbas ba ce kowace shekara, domin akwai shekarun da farashi ba ya tashi yadda aka yi tsammani. Akwai kuma buhunan jabu masu siririyar leda da ke ɓata sunan na gaskiya.

Sai batun leda, a ƙasar da baƙar leda ta cika gonaki da magudanan ruwa tana kashe bisashe, har majalisa ta kafa dokar hana shigo da siraran ledoji a 2014. Ledar PICS mai kauri ce, ana kuma maimaita amfani da ita. Binciken da aka yi kan makomar tsoffin buhunan ya nuna manoma ba sa yar da su da wuri: suna ajiye abin da ƙwaro bai cika damu da shi ba a ciki, su rufe rufin ɗaki ko rumbu, su tufka igiya da zaren buhun waje. Duk da haka roba ce, kuma babu wani tsari mai faɗi na tattara ta a narke in ta gama aiki.

Dogaro da masana'antar da ke ƙetaren iyaka shi ma rauni ne. Rufe iyakar Nijar da Najeriya daga tsakiyar 2023 zuwa watan Maris na 2024 ya nuna yadda hajar da ke bin hanyar Kano zuwa Maraɗi ke iya tsayawa dare ɗaya saboda siyasa.

Bayan masu ba da tallafi

A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, kafin ta rufe hukumar baki ɗaya a watan Yuli, galibin shirye-shiryen binciken noma da take ɗaukar nauyi a jami'o'in ƙasar kuma suka tsaya. Irin wannan kuɗi ne ya biya aikin Marwa na 1987 da shekarun da ma'aikatan Purdue suka yi tare da INRAN. Buhun kansa bai dogara da shi ba yanzu, tunda masana'anta da ƴan kasuwa ke tafiyar da shi. Abin da ke cikin haɗari shi ne binciken da zai haifar da dabara ta gaba, wanda kan ci shekara ashirin kafin a ga amfaninsa, kamar yadda ya faru tsakanin 1987 da 2007.

Nauyin ya dawo kan cibiyoyin gida: INRAN, jami'o'in Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, da malaman gona na ma'aikatar noma. Aikin da ya rage a bayyane yake, wato tabbatar da ingancin buhunan da ke shigowa kasuwa, kusantar da masu sayarwa ga ƙauyuka kafin girbi, da koya wa sababbin manoma ɗaurin. Ga mutanen birni kuwa, waɗanda ke sayen wake tiya-tiya ba su san inda ya kwana ba, hanya mafi sauƙi ita ce su riƙa tambayar mai awo yadda aka ajiye shi, domin abin da masu saye ke nema shi ɗan kasuwa ke kawowa.